Hotunan gadojin Japan: fasaha ce ko kalandar mutanen da?

Abban_Sumayya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanina da ke karatu a Japan ya zo hutu, ya kawo mini tsarabar wata takarda mai hoto, ba ta kai faɗin shafin jarida ba. Gada ce ta katako a kan kogi, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya, mutane na sauri a kanta, wasu sun cusa kawunansu ƙarƙashin laima ɗaya, can cikin kogin kuma ga wani shi kaɗai yana tura gumagumai da gora. Ya ce sunan mai zanen Hiroshige, wai hoton ya yi suna a duniya. Na yi ta godiya, har na ce a kai a sa masa gilashi. Sai da muka zauna cin tuwo yake gaya mini ai ba da hannu aka zana shi ba, da katako ake bugawa, kuma tun mai zanen yana raye ɗaruruwa ake bugawa a kai kasuwa. Nan jikina ya yi sanyi. Ashe dai kalanda ce ta mutanen da? Abin da aka buga ɗari-ɗari ina darajarsa? Sannan na leƙa intanet, duk inda na duba gada, gada, gada. Ba su da wani abin zanawa ne?

Zinariya22:
Wa alaikumus salam. Yaya in ba ka so, ni ina so. A turo mini kawai.

Ɗan_Sabongari:
Ba shi ne mutumin da ya zana igiyar ruwan nan mai kama da farata ba? Wadda ake sawa a jikin riga da bayan waya?

Malamin_Tarihi:
A'a Ɗan_Sabongari, wancan Hokusai ne, ya girmi Hiroshige da shekara 37. Hokusai an haife shi 1760 ya rasu 1849, Hiroshige kuwa 1797 zuwa 1858, annobar kwalara ce ta yi ajalinsa. Hoton da ke hannun Abban_Sumayya na 1857 ne, gadar sunanta Shin-Ohashi, a kan kogin Sumida a birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu. Yana cikin wani jerin hotuna na wurare ɗari da suka yi suna a Edo, duk da cewa da aka gama sun haura ɗari, sun kai 118.

Amma abin da ya ba ni dariya, Alhaji, ka ce kalanda don ka rage masa daraja, alhali ka faɗi gaskiyar tarihi ba ka sani ba. Buga hoto da launuka masu yawa a Japan da kalanda ya fara. A 1765 wasu masu hali a Edo suka shiga yayin musayar kalanda mai hoto a sabuwar shekara, kowa na so tasa ta fi ta ɗan'uwansa. Watanninsu na lokacin irin namu ne na Musulunci, wani 29 wani 30, sai a ɓoye jerin dogayen watanni da gajeru a cikin hoton, a jikin rigar mace ko wani abu, kai ne za ka nemo. Da yake masu kuɗi ne ke biya, masu bugu suka samu damar gwada kala bakwai, takwas, goma a takarda ɗaya. Mai zanen da ya yi fice a wannan aiki shi ne Suzuki Harunobu. Daga nan abin ya fito kasuwa.

Abban_Sumayya:
To ka gani, Malam. Ashe ban yi ƙarya ba.

MaiFileti:
Ba ka yi ƙarya ba Alhaji, amma ka yi rashin adalci. Ni shekarata goma sha tara a harkar ɗab'i, bari in gaya maka abin da ke cikin takardar nan.

Mu yau in za mu buga hoto mai kala, kwamfuta ce ke raba mana shi gida huɗu, a fitar da fileti huɗu, inji ya haɗa. Duk da haka in yaro ya yi sakaci kala ta goce, sai ka ga fuskar ɗan takara da ido huɗu, mu kwashe dubban fosta mu zubar. Su kuwa babu inji ko ɗaya. Mai zane zai yi zanensa da baƙar tawada a siririyar takarda. Masassaƙi ya ɗauka ya kifa ta a kan allon katako ya liƙe, sannan ya bi da wuƙa yana cire duk inda ba layi, ya bar layin a tsaye. Kenan zanen asali na hannun mai zane a nan yake mutuwa, wuƙa ta cinye shi. Wannan allon shi ne uwa. Daga shi ake buga kwafi, mai zane ya nuna inda kowace kala za ta zauna, a sassaƙa wa kowace kala nata allon. Hoto ɗaya sai ya ci allo goma ko fiye, wani gaba da baya ake sassaƙa shi don tsimin katako.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke hana kala gocewa. A gefen kowane allo akwai 'yar kusurwa da aka sare da wani ɗan layi miƙaƙƙe, suna kiransu kento. Mai bugu zai saka kusurwar takarda a nan, ya kwantar da ita, ya murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ɓawon gora, sunansa baren. Shi ke nan. Takarda ɗaya ta hau allo sau goma sha, kuma ba ta goce ko da kaurin gashi ba. Ni na san abin da wannan ke nufi.

Uwar_Khalifa:
Allah Sarki. Kenan mutum nawa ne a kan hoto ɗaya?

MaiFileti:
Huɗu Hajiya. Mai zane, masassaƙi, mai bugu, sai uban tafiya wato ɗan kasuwar da ya zuba kuɗi, shi ke zaɓar abin da za a zana kuma allunan nasa ne. Suna kuwa na mai zane ne ke tashe. Kamar dai yadda ake yabon mai babbar riga a manta da wanda ya yi wata uku yana ɗinkin aska.

Bakatsine_07:
Wannan ya tuna mini da masu yanka hatimi da ke zama bakin gidan waya a da. Da reza suke yanka rubutu a juye a kan roba. Ina firamare na gwada da tsohon silifas, na manta ban juya ba, sunana ya fito a birkice, ga yatsa na yanke. Har yau tabon na nan.

Bahaushen_Zango:
Mu nan Kumasi akwai makamancinsa. A garin Ntonso masu adinkra da ƙwarya suke sassaƙa tambarinsu, su tsoma a baƙin rini na ɓawon itace su danna a yadi. Amma kala ɗaya ce, kuma tambarin ake ɗorawa a kan yadi. Na Japan naga takardar ce ke hawa kan katako.

Injiniya_Sule:
Bari in taɓa tambaya ta biyu tunda gada sana'ata ce. Edo gari ne na ruwa. Kogi ya ratsa shi, an kuma haƙa magudanai ko'ina don jiragen kaya, shinkafa da katako da kifi duk ta ruwa suke shigowa. Gari ne da ya kai mutum miliyan ɗaya tun ƙarni na 18, gidaje na katako a cunkushe, tituna matsattsu. A irin wannan gari, a ina mutum zai tsaya ya ga sararin sama, ya hangi dutsen Fuji, babban tsaunin ƙasar, ya sha iska? Sai kan gada. Bakin gada nan ne kasuwa, nan masu wasa da masu shayi suke, nan hukuma ke kafa allon sanarwa. Wanda ya zana gada ya zana garin gaba ɗaya a wuri guda.

Kuma gadojin nan ba don ado aka yi su ba. A 1657 gobara ta cinye mafi yawan Edo, ana ƙiyasta mutum kusan dubu ɗari suka mutu, da yawansu sun iso bakin kogin Sumida ba hanyar tsallakawa, domin mahukunta sun ƙi yin gadoji a wannan yanki saboda tsaro. Bayan wannan bala'i ne aka gina gadar Ryogoku. Ita Shin-Ohashi ta hoton Alhaji daga baya ta zo, ma'anar sunanta ma sabuwar babbar gada.

Zinariya22:
Ryogoku ba ita ce wadda ake zanawa da dare ana wasan wuta a sama ba? Na ga wannan, kogin cike da kwale-kwale masu fitilu.

Injiniya_Sule:
Ita ce ƙanwata. A zamanin duk bazara ake yi, gadar ta cika maƙil. Ni in na kalli hoton gabana faɗuwa yake, don ina lissafin nauyi. Kuma tsoron ba na banza ba ne: a 1807 gadar Eitai, a kan wannan kogin dai, ta karye ranar wani biki saboda cinkoso, mutum fiye da dubu suka halaka. Na baya ba su san abin da ya faru a gaba ba, suna ta turowa.

Malamin_Tarihi:
Ƙari a kan bayanin Injiniya. Akwai gadar da ta fi duka, Nihonbashi, an gina ta 1603. Daga kanta ake fara ƙidayar nisan manyan hanyoyi biyar na ƙasar. Aikin da ya fito da sunan Hiroshige, wajen 1833 zuwa 1834, shi ne hotunan zango 53 na hanyar Tokaido tsakanin Edo da Kyoto. Hotunan 55 ne, domin ya ƙara da mafari da maƙura, kuma su biyun gadoji ne: ya tashi daga Nihonbashi ya sauka a gadar Sanjo ta Kyoto.

Ku nemi na farkon ku kalla da kyau. Asuba ce, sama ta fara ja. Ayarin wani basarake ya hawo gadar yana tunkaro mai kallo, na gaba ɗauke da akwatuna, na bayansu da dogayen sanduna masu tunku. A hagu masu tallan kifi da suka fito daga kasuwa suna raɓewa da kwandunansu, a dama ga karnuka sun juya wa kowa baya, ba ruwansu da sarauta. Ayarin nan ba yawon shaƙatawa ba ne. Tun 1635 doka ta wajabta wa sarakunan larduna su riƙa zaman shekara guda a Edo shekara guda a ƙasarsu, iyalinsu kuwa suna Edo dindindin kamar jingina. Ɗalibaina nakan ce musu su tuna yadda hakiman Kano suke zaune cikin birni kusa da Sarki kafin zuwan Turawa, jakadu ke kai-komo ƙauyuka. Ba ɗaya ba ne, amma dabarar riƙe manya a kusa da ido ita ce. To dubban barorin da ke bin ayarin nan, in za su koma gida, me za su riƙa na tsaraba mara nauyi mai araha? Hoton gari. Kuɗinsa bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba.

Abban_Sumayya:
Kwanon taliya! Kun ga kuna ta ƙara tabbatar da maganata. Ƙanina ma tsarabar ya yi, kamar barorin.

Ɗan_Karofi:
Ni dai shuɗin ne ya tsaya mini a rai. Gidanmu gidan rini ne, na tashi hannun kakana har gwiwar hannu shuɗi ne. Na kalli hotunan nan, yadda shuɗin ke farawa da duhu a sama ya yi ta sirancewa har ya ɓace, kamar an tsoma bakin zane a karofi an ɗaga a hankali. Da baba suke yi su ma?

'Yar_Damagaram:
Baba na wurinsu, kawu, suna kiransa ai, kuma sun daɗe suna rini da shi. Amma a takarda ba ya ba su yadda suke so, wani shuɗin da suke samu daga fure kuma da ya ga rana ko danshi sai ya koɗe. Wanda kake gani mai kaifin nan na kanti ne, a Berlin aka haɗa shi farkon ƙarni na 18. Da farko tsada gare shi, sai wajen ƙarshen shekarun 1820 ya yi araha a Japan. Hokusai ya faɗa masa a jerin hotunansa na dutsen Fuji. A ciki akwai wanda nake so, na gadar Mannen: gadar ta yi baka kamar bakan gizo, jama'a na wucewa a sama, dutsen kuma ɗan mitsitsi ana hango shi ta ƙarƙashinta tsakanin ginshiƙai.

Sirancewar kalar kuwa sunanta bokashi, kuma ba a jikin katako take ba. Mai bugu ne ke jiƙa allon da tsumma, ya sa kala a gefe ɗaya, ya ja da buroshi har ta narke cikin danshin. Kowace takarda sai ya sake yi da hannu. Shi ya sa ba za ka samu biyu da suka yi daidai ba.

Ɗan_Karofi:
Kenan su ma shunin kanti ya shigo musu kamar yadda ya shigo mana. Bambancin su ya ɗaga sana'arsu, mu ya kusa rufe mana karofi.

MaiFileti:
Alhaji Abban_Sumayya ka ji abin da 'Yar_Damagaram ta faɗa? Kalandar da nake bugawa dubu goma duk ɗaya ce. Wannan kuwa baƙin hadarin da ke saman hotonka, mai bugu ne ya yi shi da hannunsa a wannan takarda taka. Kuma ɗauko shi ka duba ruwan saman da kyau. Layukan ba su tafi a jere ɗaya ba, kashi biyu ne, wasu sun fi duhu wasu sun fi haske, kuma karkatarsu ta ɗan bambanta, suna gicciye juna. Allo biyu aka sassaƙa don ruwan kawai. Ka tuna layin ba tsagawa ake yi ba, barinsa ake yi a tsaye a cire katakon da ke gefensa. Wuƙa ta kuskure sau ɗaya, ɗigon ruwa ya karye.

Abban_Sumayya:
Na ɗauko, na haska da fitilar waya. Wallahi haka ne, suna gicciye. Sati biyu yana jingine a falo ban lura ba. Na juya bayansa kuma na ga kalar ta ɗan huda takardar, da wasu zagaye-zagaye kamar an goga wani abu.

MaiFileti:
Sawun baren ke nan. To naka na hannu ne, ba na inji ba. Ƙaninka bai yi maka rowa ba.

Baƙon_Osaka:
Ina zaune a Japan shekara shida, ina harkar kayan mota. Abin da aka kawo wa Alhaji sabon bugu ne, har yanzu akwai gidajen da ke sassaƙa sababbin alluna su buga da hannu yadda aka gada, irin su Adachi a Tokyo. Na ainihi na zamanin Edo yana gidajen tarihi da hannun masu tarawa. Igiyar ruwan Hokusai da Ɗan_Sabongari ya ambata, a 2023 an yi gwanjon kwafi ɗaya a New York kan dala miliyan 2.76. Kuma tun Yulin 2024 ita ce a bayan sabuwar takardar yen dubu, kullum tana aljihuna.

Amma in kun zo neman Nihonbashi ta cikin hoto za ku sha mamaki. Na je takanas. Ta katakon babu ita, ta dutse ce da aka yi a 1911, kuma a 1963, ana shirin wasannin Olamfik na 1964, aka ɗora babbar hanyar mota a samanta. Kana tsaye a kan gada, wata gadar ta rufe maka sama, ga ƙarar motoci. Babu Fuji babu asuba. Alamar mafarin hanyoyi dai tana nan a tsakiyar titi. Yanzu sun fara aikin mayar da hanyar ƙarƙashin ƙasa, sun ce sai wajen 2040. Kasuwar kifin ma ta tashi tun bayan girgizar ƙasa ta 1923.

Ɗan_Sabongari:
Dala miliyan biyu a kan abin da aka saya kuɗin taliya. Jama'a ku adana kalandunku.

Uwar_Khalifa:
Ɗana da ke karanta zane ya ce wani Bature ya kwaikwayi wannan hoton na ruwan sama. Gaskiya ne?

'Yar_Damagaram:
Gaskiya ne inna. Van Gogh ne, ɗan Holan, a Paris a 1887. Ya kwafe shi da fentin mai, ya ƙara wa kalolin zafi, ya zagaye shi da rubutun Japan da ya kwaso daga wasu hotuna ba tare da ya iya karantawa ba. Yana gidan tarihinsa a Amsterdam. Monet na Faransa kuma ya tara irin hotunan fiye da ɗari biyu, har ya gina gada mai baka a lambunsa na Giverny ya yi ta zana ta.

Bakatsine_07:
Wato sata.

'Yar_Damagaram:
Ba ɓoyewa ya yi ba ai, koyo yake. Kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Dabarar nan ta sa abu na nesa ya ƙanƙance, layuka su tafi su haɗu can ƙarshe, 'yan Japan daga hotunan Turai da suka shigo ta hannun 'yan kasuwar Holan da China suka ɗauka. Shuɗin ma daga Jamus. Kowa ya ci a kwanon wani.

Bakatsine_07:
Na ji, amma na Van Gogh yau ya fi ƙarfin saye, masassaƙin da ya yanka ruwan kuwa ko sunansa ba wanda ya ambata a nan.

Malamin_Tarihi:
Wani abu da ya kamata a sa a lissafi game da jerin da hoton Alhaji ke ciki. A ƙarshen 1855 girgizar ƙasa ta rusa Edo, dubban mutane suka mutu. Watanni kaɗan bayan haka, a 1856, hotunan suka fara fitowa, kuma ba kango ko ɗaya a cikinsu, gari tsaf, shaguna a buɗe, itatuwa na fure. Shekara goma bayan rasuwar Hiroshige mulkin shogun, wato shugaban sojan da ke riƙe da ƙasar, ya faɗi, aka sauya wa garin suna. Saboda haka ni ba na ɗaukar su a matsayin hoton kyamara. Garin ne yadda mazaunansa ke so su gan shi, kuma yadda zai sayu.

Injiniya_Sule:
Wannan haka yake, Malam. Hokusai ma yana da jeri na gadoji zalla, guda 11, wajen 1834. Akwai Kintai mai baka biyar, wadda take nan har yau a Iwakuni, an fara gina ta 1673, ambaliya ta tafi da ita a 1950 aka sake ginawa. Wannan na yarda. Amma akwai wata ta igiya a tsakanin duwatsu, mutum biyu da kaya a kanta, ba ko abin dafawa, ta lotsa a ƙarƙashinsu. In ɗalibina ya kawo mini wannan zane sifili zan ba shi. Sai dai duk lokacin da na kalla sai tafin ƙafata ya yi sanyi.

Abban_Sumayya:
To na gode ƙwarai jama'a. Gilashin dai za a sa. Amma har yanzu ina nan kan bakana, kalanda ce, Malamin_Tarihi ma ya shaida. Sai dai kalandar da aka wahala a kanta.

MaiFileti:
Alhaji in kalanda ce sayar mini, zan ba ka kuɗin taliya kwano biyu har da ƙwai.

'Yar_Damagaram:
In za a sa gilashin, kar a liƙa takardar da gam, kuma kar ta manne da gilashin, a bar 'yar tazara. A rataye shi bangon da rana ba ta bugu, in ba haka ba ja da rawaya za su fara tafiya.

Ɗan_Karofi:
Ni tambayata ba a gama amsa ta ba. Layin zanen Fuji na farko-farko na ga shi ma shuɗi ne ba baƙi ba. Shi ma na Jamus ɗin ne, ko a nan suka sa baba?

Zinariya22:
Yaya Abban_Sumayya, ƙanin naka yaushe zai koma? Ina da saƙo. Ta wasan wutan nake so.